Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, na rubuto ne kan takardun da jami'arka ke riƙe da su amana, musamman rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami.

Ba sai na koya maka tarihin gidanka ba, sai dai don masu karatu. An buɗe jami'ar nan ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ne ubanta na farko, Norman Alexander kuma shugabanta na farko, kafin Farfesa Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Da tsangayoyi 4 da ɗalibai 426 aka fara. Kuma ba daga fili aka taso ba: an haɗa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, da tashar binciken noma ta Samaru, da gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar a 1975. Wannan asali shi ya sa har yau gidan yake a warwatse: babban mazauni a Samaru, shari'a da mulki a Kongo, asibitin koyarwa a Shika, Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi, can Kaduna.

Yadda tsangayoyi suka warwatsu, haka laburare suka warwatsu. Uwarsu ita ce Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, mai sunan gwamnan Jihar Arewa na zamanin Sardauna. Akwai na Shugaba Kennedy a Kongo, akwai na likitoci, akwai na cibiyar noma. Duk wanda ya yi karatu a Samaru ya san yadda kujera ke wuyar samu a can idan jarrabawa ta ƙarato. Littattafan bugu dai ba su ne damuwata ba. Idan kuɗi ya samu ana sayo sabo, wasu ma suna intanet.

Abin da ba a sayowa shi ne wanda marigayi Farfesa Abdullahi Smith da almajiransa suka bi gari-gari suna tattarawa, ƙarƙashin shirin binciken tarihin Arewa da aka kafa a sashen tarihi cikin shekarun 1960, da kuma abin da ke Gidan Arewa tun 1970. A nan ake samun rubuce-rubucen Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u, da wasiƙun sarakuna, da waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci. Wanda ya taɓa riƙe irin littafin nan ya san halinsa: ganyaye ne a sake, ba ɗinki, an naɗe su cikin fata an sa a gafaka. Kalma ɗaya ce a ƙasan shafi ke nuna maka shafin da ke biye. Ganye ɗaya ya zame, ko a juya tarin, sai mai ilimi ya zauna ya sake jerawa. Hunturu na busar da takarda har ta riƙa karyewa a hannu, damina ta kawo laima, gara kuwa ba ta san Shehu ba.

Roƙona na farko, a ɗauki hoton kowane shafi da na'ura mai kyau, a ajiye kwafi a Samaru da Kaduna da wani wuri na uku. Na san an yi wasu ayyuka irin wannan, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma hoto ba tare da bayani ba, tarin hotuna ne kawai. Ana bukatar jeri guda ɗaya da zai faɗi sunan littafi, da marubuci, da wanda ya kwafa, da gidan da aka samo shi, yadda ɗalibi a Maraɗi ko Kumasi zai duba daga wayarsa ya san abin da ke Zariya kafin ya kashe kuɗin mota.

A nan ne tsarin jami'ar zai yi rana. Kana da sashen tarihi, da na Larabci, da na harsunan Afirka, da na koyon aikin laburare, ga cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar. Kowa na nasa a ɗakinsa. Me zai hana a haɗa su kan aiki ɗaya, ɗaliban digiri na biyu su riƙa ɗaukar littafi guda su gyara, su fassara, ya zama kundinsu? Ni a ganina ya fi kundin da za a rubuta don a cika sharaɗi, a jibge a kanta ƙura ta rufe.

Sai maganar da na san wasu ba za su so ba. Mutanen da suka fi iya karanta rubutun nan ba lallai suna da digiri ba. Suna zaure a cikin birnin Zazzau, kilomita kaɗan daga ofishinka. Malamin da ya tashi da allo da warash zai warware maka layin da dakta zai kwana yana kallo. A ɗauke su aiki da albashi da mutunci, a rubuta sunansu a kan abin da suka yi. Kuma iyalan da suka ba da littattafan kakanninsu, a mayar musu da kwafi mai kyau. Shi ne zai sa maƙwabcinsu ya yarda ya buɗe nasa akwatin.

Kuɗi kuwa, asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, na ba da kaso na musamman don laburare da bincike, ga kuma tsofaffin ɗalibai da suka cika ma'aikatu da bankuna da majalisu. Idan ka sa aikin nan cikin kasafin shekara mai zuwa, ka naɗa wanda za a riƙa tambaya a kansa, da yawa daga cikinmu za mu sa hannu a aljihu.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi