Albashin Abuja ya kusa ninka nawa sau uku, amma lissafi ya ƙi fita

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Na daɗe ina karanta shafinka, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo kukana ba. Ina roƙon a sakaya sunana, don garinmu kowa ya san kowa.

Ni mutumin Funtuwa ne, shekaruna 34, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyu, ga kuma na uku a hanya. Na yi difloma a fannin akanta, kuma shekara bakwai ke nan ina riƙe wa wani Alhaji mai fataucin hatsi littattafan shagonsa. Albashina naira 95,000. Watan jiya wani kamfani mai zaman kansa da ke Jabi a Abuja ya kira ni ganawa, kuma Allah ya sa suka ɗauke ni. Albashin da suka rubuta a takarda naira 280,000 ne. Ranar da saƙon ya shigo wayata Hajiyarmu har sujada ta yi, kafin la'asar kuwa babu wanda bai ji ba a layinmu. Wannan shi ne kuskurena na farko: na bar magana ta fita tun ban ɗauki biro ba.

Sai da na tafi karɓo takardar na kwana huɗu a can, gani ya kori ji. Na sauka wajen wani abokina da muka yi makaranta tare, yana zaune a Masaka, can gaba da Mararaba a kan hanyar Keffi. A gida idan aka ce wane yana Abuja, kowa Maitama da Asokoro yake hangowa. Ashe abokina ko a cikin Babban Birnin Tarayya ba ya kwana, a jihar Nasarawa yake, aiki kawai ke kai shi birni. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ya tashe ni. A bakin titi muka yi sallah, a wani ɗan masallaci na kwano kusa da mai shayi, sannan muka shiga sahun masu jiran mota. Mutane tsaye cikin duhu, kowa da jakarsa a ƙirji, mota na tsayawa a yi mata ca kamar an watsa wa kaji tsaba. Ya riƙe hannuna har sau biyu ya hana ni shiga, wai bai yarda da fuskokin da ke ciki ba, kada mu faɗa hannun 'yan wan cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi. Da muka samu ta shiga, muka maƙale a gosulo tun daga Mararaba, muka ja jiki ta Nyanya, ba mu ga shataletalen AYA ba sai bakwai saura. Daga nan wata motar kuma zuwa Jabi. Da dare haka muka maimaita, muka shiga gida tara ta wuce, yaransa duk sun yi barci. Ya ce mini, yana cire takalmi, ƙaramar 'yarsa ranar Lahadi kawai take ganinsa ido biyu. Dariya ya yi da ya faɗa, ni kuwa abin bai ba ni dariya ba.

Kashegari muka shiga neman gida. Kafin dillali ya ɗaga ƙafa sai da na ba shi naira 5,000, wai kuɗin dubawa. Ya fara kai ni Kubwa, da na ji farashin gida mai ɗaki biyu ban ma tsaya ganin banɗaki ba. Dutsen Alhaji da ɗan sauƙi, amma ba sauƙin irina ba. A ƙarshe muka dawo Mararaba, ya nuna mini ciki da falo mai kicin da banɗaki a ciki, a wani lungu da mota ba ta shiga. Bangon ɗakin ya sha ruwa har kusan gwiwa, an shafe shi da sabon fenti, amma warin danshi bai ɓoyu ba. Na tambaye shi ko ruwa na shiga da damina, ya ce wannan tsohon labari ne, an gyara kwata. Kuɗin haya naira 700,000 a shekara, a biya gaba ɗaya. A kan haka akwai la'adar dillali kashi 10 cikin ɗari, kuɗin lauya wani kashi 10, sai naira 50,000 na ajiya ko da za ka ɓata wani abu, wanda abokina ya ce bai taɓa ganin wanda aka mayar wa ba. Jimla naira 890,000 kafin in sa tabarma a ƙasa. Ni kuwa duk abin da na mallaka a banki bai kai 200,000 ba.

Da na dawo gida na zauna da daddare na yi abin da na iya, wato lissafi. Idan aka cire haraji da kashi 8 cikin ɗari na fansho, abin da zai shigo hannuna wajen 245,000 ne. Dole in riƙa ware 60,000 duk wata saboda hayar baɗi, in ma mai gida bai ƙara ba. Kuɗin mota, 2,500 a rana zuwa da dawowa, ya kama 55,000. Gidan babu rijiya babu famfo, sai mai ruwa, kura ɗaya 1,500 kuma ba za ta wuce kwana biyu ba ga mai yara, wato kusan 22,000. Wuta da gas na sa 25,000. Cefane na matse shi iya matsewa na rubuta 100,000. Malam, ka haɗa da kanka: 262,000. Na haura albashin da 17,000, alhali ban sa kuɗin makarantar yara ba, ban sa awo da haihuwa ba, ban sa katin waya ba, ban sa abin da zan riƙa aiko wa Hajiya ba. Na sake bugawa sau uku ko na yi kuskure. Sana'ata ce, ban yi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shafin da na buɗe na gefe, na rubuta yadda nake rayuwa yanzu. A nan ne na gane shekara bakwai ina cin arzikin da ban taɓa sa shi a littafi ba. Sashen da nake ciki a gidanmu na gado ne, ban san zafin haya ba. Rijiya na tsakar gida. Gonar da mahaifinmu ya bari muna nomawa ni da yayana, rabona ba ya kasa buhu goma na masara a shekara mai kyau, mu ci mu sayar da saura. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa daga ɗakin Hajiya suke fitowa, ban taɓa tambayar farashinsu ba. Babur ɗina ke kai ni shago cikin minti bakwai, in dawo in ci tuwon rana a gida. Idan maiɗakina za ta asibiti, ta miƙa yara ga kakarsu ta wuce. A kan 95,000 ɗin nan har adashin 10,000 nake zubawa duk wata. A Abuja kowane ɗaya daga cikin waɗannan da farashinsa, har inda za ka zubar da shara. Babur ɗin ma ba zai yi mini rana ba, tun 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni, kuma an ce ko naka ne na kanka sai ka sha tsayarwa da tambaya.

Za ka ce to ai magana ta ƙare, in zauna inda Allah ya rufa mini asiri. Wallahi da abin ya tsaya nan da ban dame ka ba. Aikin da nake yi ba shi da takarda, ba fansho, ba inshorar lafiya. Mutunci ne kawai tsakanina da Alhaji, kuma Alhaji ya manyanta, 'ya'yansa biyu sun gama jami'a sun fara zama a shago. Ba su yi mini komai ba, amma mai hankali ba ya jira sai an nuna masa ƙofa. Ita ma gonar da nake taƙama da ita ta wajen hanyar Dandume take, kuma ka san halin da yankinmu ya shiga da 'yan bindiga, daga Faskari zuwa Sabuwa. Akwai shekarar da muka yi girbi a tsaitsaye, ido ɗaya a kan masara ɗaya a kan daji. Sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, 95,000 ɗin ta koma kamar 40,000 ta da. Gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi 70,000 a 2024, wato ni da difloma da shekara bakwai ina gaban ƙaramin ma'aikaci da 25,000 kacal. Su kuwa na Abuja sun ce bayan wata shida za a tabbatar da ni, akwai ƙari, akwai asibiti ga iyali. An ce, ban gani a rubuce ba sai maganar asibitin.

Yanzu kowa a gida da tasa shawarar. Yayana ya ce in sayar masa da rabona na gona, zai ba ni kuɗin da zai biya haya har in sayi katifa da tukunyar gas. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma hayar shekara ɗaya za ta cinye gonar, watan goma sha uku kuma ba gona ba gida. Kawunmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a Legas, ya ce kada in kuskura in ɗauki iyali: in tafi ni kaɗai, in haɗa ɗaki da wani a Suleja ko Madalla ko Zuba inda Hausawa suke da yawa kuma bakin hanyar Kaduna ne, in riƙa zuwa gida ƙarshen wata. Na buga wannan ma, shi kaɗai ne lissafin da ya fita, har da ɗan canji. Sai dai tukunya biyu ke nan, ga kuɗin motar Funtuwa zuwa da dawowa, ga hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake binta. Jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa yana nan, amma daga Rigasa ma da sauran tafiya a gaba.

Ita kuwa maiɗakina, da na nuna mata littafin, ta daɗe tana kallon lambobin ba ta ce komai ba. Can ta ce: "Baban Ummi, ni ban iya lissafinka ba. Amma ban yi aure don in zauna da waya ba." Ta ce ta yarda ta sha gari da ƙuli a Mararaba, ta ce tana da keken ɗinki kuma ta iya dambun nama da alkaki, ba za ta zauna haka ba. Ta kawo misalin wata ƙawarta da mijinta ya tafi a kan wata shida, yau shekara biyar, har ya yi wani auren a can. Na rantse mata ni ba haka nake ba, ta ce shi ma ya rantse. Cikinta wata biyar ne. Idan na tafi da ita, haihuwa za ta same mu a garin da ba mu da kowa, ba mai dafa mata ruwan wanka, ba mai kama mata yara. Idan na bar ta, zan bar ta da ciki da ɓacin rai.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar faɗa. Tun ban tafi ba an fara yi mini kallon mai kuɗi. Wani ɗan ƙanwar Hajiya ya ce in na zauna zai zo neman aiki ya sauka wajena. Wani maƙwabci yana da fayil ɗin fansho da yake bi, ya ce ya huta da kuɗin masauki. An riga an sa sunana cikin waɗanda za su ɗauki nauyin gyaran rufin masallacin unguwa. Ba wanda zan iya buɗe wa littafin nan in ce duba, wanda kuke kira ɗan Abuja bashin 17,000 zai riƙa ci duk wata. In kuma na ce na fasa, za a ce an yi mini asiri ko na raina arziki, Hajiya kuma ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Malam, ka ga mutane da yawa da suka bi wannan hanya, shi ya sa na zo gare ka. Shin mutum yana karɓar aikin da ya san zai fara shi da giɓi, saboda abin da yake fatan samu gaba, ko wannan ganganci ne? In har tafiyar ce, in bi ta kawu in je ni kaɗai, kuma wata nawa ya dace in ɗibar wa kaina, yadda zan faɗa wa maiɗakina rana takamaimai ba "in sha Allahu kwanan nan" ba? Ya halatta ga sabon ma'aikaci ya nemi kamfani ya ba shi rancen haya a riƙa cira a albashi, ko hakan zai zubar da ni tun ban fara ba? Gonar kuma, zuciyata ta ƙi, amma ban sani ba ko son zuciya ne ko hankali. In akwai wani abu da masu zama a can suka sani wanda baƙon kwana huɗu ba zai gani ba, ko na sauƙi ko na tsada, don Allah a faɗa mini, ko masu karatu su taimaka.

Sun ba ni zuwa ranar Litinin ta sama in sa hannu in mayar da takardar. Tana nan cikin littafin lissafin, tsakanin shafukan nan biyu. Alhaji kuma har yau ban gaya masa ba, ko da yake jiya da zan tashi daga shago ya ce mini, "Na ji an ce za ka bar mu."

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Baban Ummi, daga Funtuwa, jihar Katsina