A ceto kawunan jiragen kwal kafin 'yan gwangwan su gama da su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan tsofaffin kawunan jirgin ƙasa masu aiki da kwal da ruwa, domin mahaifina makanikensu ne a Zariya, kuma a gindinsu na tashi.

Matasa kaɗan suka san akwai ƙaramin layin dogo daga Zariya ta Rahama zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914 don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, babban layin da ya iso Kano a 1911 kuwa ƙafa 3 da inci 6. Awon tsakanin ƙafafun kan jirgi kaɗai zai gaya maka layin da ya bi. Sai a ƙirga ƙafafun, a nemi farantin tagulla da ke gefensa, mai ɗauke da sunan kamfani da lamba da shekarar ƙira. Farantin nan ɓarayi ke fara ɓallewa, kuma da zarar ya tafi, asalin kan ya ɓace. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Gyara ba fenti ba ne. Rumfa tukuna, don damina ce ke cinye ƙarfe. Sannan a kankare tsatsa, a gwada tukunyar tururin da matsin ruwa kafin kowa ya kusance ta da wuta.

Ina roƙon hukumar jiragen ƙasa da gidan tarihi na Jos su nemo tsofaffin direbobi da makanikai, a naɗi bayanansu tun suna raye.

Naka,
Ɗan tsohon makaniken jirgi,
Sabon Gari, Zariya