Amsa ga mai tambaya: kada a shafe soron gado da siminti

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron unguwa ka ce damina ta ci gindin soron da kuka gada a cikin birni, ka tambaye mu ko gara a shafe shi da siminti a huta. Mun ga ya dace mu amsa a fili, domin masu irin wannan soro suna da yawa daga Kano har Damagaram.

Kada ka shafe shi. Ginin tubalin ƙasa yana shan danshi yana fitar da shi ta fatarsa. Siminti ba ya barin danshi ya fita, kuma ba ya motsi tare da ƙasa idan zafi da sanyi suka sauya, don haka sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta ruɓe, alhali daga waje bango sumul. Ƙwanƙwasa bangon ƙasa da aka shafe shekarun baya, sau da yawa za ka ji yana amsawa kamar ganga. Wannan ramin da ke baya shi ne gidan gara. Ranar da shafen zai faɗi, da naman bango yake tafiya.

Kafin a taɓa bango a hau sama, don yawancin ciwon daga can yake. A duba indararo: ya toshe ne, ya karye, ko ya yi gajarta har ruwa na bin bango? Ya kamata ya fito aƙalla kamu ɗaya daga jikin gini, kuma a liƙe bakinsa sosai inda ya ratsa rawani, wato gajeriyar katangar da ta zagaye rufi, domin nan ne yoyo ya fi farawa. Rufin ya karkata zuwa indararo, kada a bar kwarin da ruwa zai kwana. Daga ciki a soki kan kowace azara da wuƙa, wato inda azarar ta shiga bango. Azarar giginya tana da taurin da gara ba ta cika cin ta ba, amma ruwa yana ruɓar da kanta. Wadda ta yi laushi a tokare rufi tukuna, sannan a zare ta. Kada a sa azara ta haye fiye da ƙafa shida zuwa bakwai ba tare da tauyi (azarorin da ke fitowa daga bango su tallafe ta) ko baka (lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar rufi) ba, in ba haka ba za ta lanƙwashe.

Sai gindi. Sau da yawa titi da kwata sun hau sama da daɓen gidan, ruwa na kwanciya a jikin bango, gishirin ƙasa na hawa yana mai da shi gari. A kai ruwan nesa, a cike inda ya zaizaye da tubali da kwaɓi, gaɓa gaɓa, kada a fafe tsawon bangon lokaci ɗaya. A mayar da dakali. Mutane suna ɗaukarsa wurin zaman hira ne kawai, alhali shi ke karɓar tartsatsin ruwa a madadin bango.

Yaɓe kuwa yana son haƙuri. A kankare abin da ya saki, a yayyafa ruwa. A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana uku ko fiye, ana ƙara ruwa ana juyawa. A gwada a wurare uku da yashi daban daban: wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ya zube a hannu yashi ya yi yawa. Kowane shafi kada ya wuce kaurin yatsa, kuma sai na farko ya bushe a sa na biyu. A ƙarshe a shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A kan rufi, rawani da zanko (tsinin da ke saman gini) laso ya fi, wato haɗin katsin marina (abin da ke kwanta a ƙasan ramin rini), gashin jima da dafara. Wahalar laso a yau ita ce marina sun ragu, don haka a nemi katsi tun da wuri. A yi aikin da rani, a gama kafin ruwan farko.

Za ka ce wannan aiki ne na kullum. Gaskiya ne. Babban masallacin Djenné a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, a birnin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da yaɓe take tsaye. Ginin ƙasa kuma bai zama tsohon yayi ba: masallacin Yama a jihar Tawa, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya, rufin bakan gizo da tulluwa ba ƙarfe ba siminti, ilimi ne da ke hannun magina, kuma yaro ba ya koyonsa sai inda ake aiki. Duk soron da aka shafe da siminti, an rage wa magini wurin koyar da ɗansa. A ganinmu wannan asarar ta fi ta bangon.

Idan akwai tsohon siminti a wani ɓangare, a cire shi kaɗan kaɗan da rani, a bar bango ya sha iska makonni kafin yaɓe. Idan kuwa ka ga tsaga mai faɗaɗa a baka, ko bango ya karkata, a fitar da iyali daga ɗakin yau, a kira Sarkin Magina ya gani da idonsa. Kafin a fara komai, a ɗauki hoton zanen ƙofar zaure da awonsa, don mai yaɓe ya san abin da zai mayar.

Wassalam.