Ɗalibanmu na Injiniyanci da Famfunan da Suka Mutu a Ƙauyukanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin shugabannin jami'o'i da kwalejojin fasaha na jihohin Kano da Jigawa zuwa ga wani aiki da ɗaliban injiniyanci na wasu ƙasashe suka daɗe suna yi, wanda a ganina mu mazauna karkara muke matuƙar bukatar irinsa daga wajen 'ya'yanmu.

A shekarar 2000, wani farfesa na Jami'ar Kolorado da ke Amurka mai suna Bernard Amadei ya ziyarci ƙauyen San Pablo a ƙasar Beliz, inda ya tarar da yara ƙanana suna yini suna jigilar ruwa daga kogi a lokacin da ya kamata a ce suna makaranta. Da ya koma gida sai ya tara wasu daga cikin ɗalibansa suka tsara yadda za a kai wa ƙauyen ruwa, kuma a shekarar da ta biyo baya suka je suka kafa wani famfo da ke aiki da ƙarfin gudun ruwa, ba ya bukatar lantarki ko fetur. Wannan aiki ne ya haifar da ƙungiyar Engineers Without Borders (wato Injiniyoyi Marasa Iyaka) ta Amurka a 2002, ko da yake Faransa ta riga ta kafa irin tata tun 1982. A yau rassan ƙungiyar da ke jami'o'i suna tura ɗalibai ƙauyukan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne, reshe ba ya ɗaukar ƙauye sai ya yarda zai zauna da shi aƙalla shekara biyar, ya fara da bincike, ya gina, sannan ya riƙa komawa yana duba ko abin da ya gina yana aiki.

Wannan komawar ita ce abin da muka rasa. Duk wanda ya zagaya ƙauyukanmu zai ga famfunan tuƙa-tuƙa da hannunsu ya yi tsatsa, awaki suna kwance a kan dandamalinsu, da tankuna a bisa ƙarfe waɗanda rabonsu da ruwa tun ranar da aka yanke ƙyalle. A unguwarmu akwai irin wannan famfo, kuma da aka samu wani makaniki ya zaro sandunansa, sai aka ga cewa robar da ke cikin silinda ce kawai ta cinye, abin da kuɗinsa bai kai na buhun gero ba. Kafin a gano haka, mata da yara sun koma kududdufin da shanu ke sha, suna jefa alif a cikin randa domin laka ta kwanta, alhali alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Mai ɗan hali kuma ya koma sayen jarka a wajen 'yan garuwa, ba tare da ya san daga ina suka ɗebo ba. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da annobar ta fi yi wa ɓarna.

Ina jinjina wa ɗaliban da suke tsallako teku domin su taimaki mutanen da ba su haɗa komai da su ba, amma ɗalibin da ya tashi a Gumel ko Ƙaraye ya fi su damar yin wannan aiki a nan. Yana jin harshen mutane, ya san yadda ake shiga wajen dagaci da mai unguwa, kuma kuɗin mota kawai yake bukata idan an kira shi cewa famfo ya tsaya. Ya kuma san ƙasar. Famfon da ya yi aiki a San Pablo yana bukatar ruwa mai gangarowa, abin da ba mu da shi a filayenmu. Yawancin jihar Kano da yankin Birnin Kudu da Gwaram da Kazaure suna kan dutse ne, inda ruwa ke taruwa a tsagogi da ruɓaɓɓen dutse, saboda haka idan ba a auna ƙasa da na'ura ba kafin haƙa, ana iya kashe miliyoyi a tarar da rami busasshe. Daga Gumel zuwa Haɗeja kuwa rairayi ne da yumɓu na kwarin Chadi, inda ake samun ruwa amma a wurare da yawa sai an yi zurfi, kuma idan ba a sa matacin bututu daidai ba, yashi ya cinye famfon. Waɗannan abubuwa ana koyar da su a aji, amma ɗalibai da yawa suna kammala karatu ba su taɓa tsayawa a bakin rijiyar burtsatse ana haƙa ta ba.

Akwai kuma batun gwajin ruwa, wanda kusan babu mai yin sa a karkara. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyi tun daga shekarun 1970 domin a raba mutane da gurɓataccen ruwan tafki, sai a farkon shekarun 1990 aka gano cewa da yawansu suna ɗauke da gubar asenik. Ruwa garai-garai ne a ido, amma yana cutar da masu shan sa a hankali. A wajenmu abin da ya fi yawa shi ne masai da ake haƙawa kusa da rijiya, wanda ruwan damina ke tura ƙazantarsa cikin ruwan sha. Gwajin da zai nuna haka bai fi ƙarfin ɗalibin aji uku na jami'a ba, muddin an ba shi kwalabe masu tsabta da izinin shiga ɗakin gwaji.

Makarantun kuwa muna da su: Jami'ar Bayero, Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Baɓura, Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure, da sauransu. Muna kuma da shirin SIWES, wanda tun 1973 ake tura ɗalibai koyon aiki a ƙarƙashinsa, sai dai wasunsu suna ƙare watannin ne a ofis suna jiran a sa musu hannu a littafi. Shawarata ita ce kowane sashen injiniyanci ya ɗauki mazaɓa ɗaya ta karkara na tsawon shekara biyar. Ɗaliban farko su ƙirga duk rijiyoyi da famfunan da ke cikinta, su rubuta wanda ke aiki da wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. Waɗanda suka biyo baya su mayar da gyaran aikinsu na kammala karatu, su kuma koya wa matasa biyu a kowane ƙauye yadda ake zaro sanduna a canza roba, da yadda ake wanke faifan sola idan ƙurar hunturu ta rufe shi. Dole ne hakan ya gudana a ƙarƙashin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da sana'ar injiniyanci a Najeriya, domin ruwan sha ba wurin gwada sa'a ba ne. Ya kamata kuma a tura ɗalibai mata cikin gidaje, tunda matan da ke kulle sun fi kowa sanin lokacin da ruwa ya canza ɗanɗano.

Kada a yi shakkar mutanen ƙauye. Su ne suka riƙa tace ruwa da ƙyalle suna kai rahoto har aka kawar da kurkunu, cutar da ta kama fiye da mutum 600,000 a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga Najeriya a 2013. Za su tara kuɗin gyara idan sun ga inda kuɗin yake tafiya.

Ina kira ga hukumomin samar da ruwan sha da tsafta a karkara (RUWASA) na jihohin biyu da su ba makarantun nan bayanan rijiyoyin da ke hannunsu, ƙananan hukumomi kuma su ɗauki nauyin masauki da kuɗin motar ɗaliban, domin a fara ƙirgar a wannan rani, kafin ruwa ya sauko hanyoyi su yanke.

Wassalam.

Wani malamin makaranta,
Ƙaramar Hukumar Gagarawa, Jihar Jigawa.