Godiya ga masu lambun shuke-shuke na bakin hanyar Samaru

Assalamu alaikum, Baba mai lambu, kai da yaranka.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin abin da kuka yi mini a bikin 'yar ƙanena ya wuce ciniki. Ni ce gwaggon amarya, ni aka ɗora wa ƙawata wurin walima da ɗakinta. Na zo wurinku saura kwana biyar, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har ba a hango dutsen Kufena. Na nuna maka hoto a waya, na ce furen wardi nake so, ko nawa ne. Da wani ne da ya karɓe kuɗin ya yi shiru. Kai kuwa sai ka ce, "Hajiya, a wannan iskar, wardin da aka jera a fili da hantsi ba zai kai la'asar da kyansa ba. Zo ki ga wani abu."

Ka kai ni bayan rumfa, ka miƙo mini reshen bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti. Gaskiya raina bai so ba da farko. Wannan bishiya mun taso muna ganinta jere a Samaru da harabar Jami'ar Ahmadu Bello, iyakar sanina da ita a tafasa ganyen a yi sirace in mura ta kama mutum. Ka murza ganye ɗaya ka ce in shinshina. Ƙamshin lemun tsami! A nan ka faɗa mini asalinta daga Ostireliya ne, irinta ya haura 700, kuma a ƙasashen waje masu shirya furen biki kuɗi suke sa wa su saye ta. Ka haɗa mini iri biyu: mai dogon ganye da ke lanƙwasowa, wanda kuka sara a nan, da mai zagayayyen ganye kamar kwabo, launin toka-toka, wanda ka sa aka kawo daga Jos. Wardin kuma ka ce in ɗauki kaɗan kawai, a soka a tsakiya.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda ka tsaya ka koya mini, alhali ga masu saye suna jira. Ka nuna mini yadda ake gane reshe mai kyau: ganyen ya ƙosa, ba ya karyewa in an naɗe shi, kuma a guji mai ɗanyen toho a kai, domin shi ke fara langaɓewa. Da sassafe yaranka suka sara, suka tsoma a bokiti nan take. Ka ce in na isa gida in sake datse gindin kowane reshe a karkace da wuƙa mai kaifi, in zage duk ganyen da zai nutse a ruwa, don shi ke ruɓewa ya sa ruwan wari ya toshe wa reshen hanyar sha. A sauya ruwa duk bayan kwana biyu, a nisanta shi da rana da bakin taga. Ka kuma ja kunnena kada yara su tauna, kada a bar akuya ko kyanwa su ci, domin man da ke cikinsa yana da illa in an haɗiye. Ga mai jikoki cike da gida irina, wannan gargaɗin ya fi mini komai.

Ranar walima mun shimfiɗa dogayen rassan a kan tebura, masu zagayen muka sa a tulunan ƙasa da ƙananan ƙore. Har aka yi magariba ko ɗaya bai sunkuya ba. Mata na shiga ɗakin amarya suna tambayar wane turaren wuta aka sa, alhali ko kasko ba a kunna ba tukuna. Na ɗakin ya yi mako biyu cif a ruwa. Daga nan muka ɗaure shi muka rataye kai ƙasa a inuwa kamar yadda ka ce, ya bushe da siffarsa. Ragowar na jiƙa gindinsa a gilisarin na kemis, kashi ɗaya cikin ruwan ɗumi kashi biyu. Launin ya ɗan yi duhu, amma ganyen na nan da laushi har yau.

Allah ya saka da alheri, Baba, ya sa albarka a lambun, ya raya maka yaran nan masu ladabi. Dashen mai ƙamshin lemun da ka ba ni kyauta ya kama. Na shuka shi can nesa da katanga da rijiya, yadda ka ce saboda saiwarsa. Akwai bikin ƙanwar amarya bayan Sallah, ka ajiye mini mai zagayen da wuri.

Wassalam,
Gwaggon amarya, Tudun Wada, Zariya.