Rabi, maganar Mus'ab ce

Assalamu alaikum Rabi. Ya Madina, ya ɗawainiyar yara, ya maigidan naki. Na so in yi miki saƙon murya sai na fasa don nasan kuka zai ƙwace min a tsakiya, shi yasa na zauna bayan isha'i ina rubutawa a hankali.

Jiya gwaggonki Larai ta biyo nan unguwarmu Hindawiyya a Makka da ta dawo daga ziyara, take ce min wai kun ɗage allurar rigakafin Mus'ab ta wata shida, wai surukarki tace allura ce ta taɓa yayansa Abdul har ya samu galahanga, wato autism, lalurar nan da ke taɓa magana da mu'amalar yaro da mutane. Rabi ni zaki ɓoye wa wannan, kullum muna waya kina ce min lafiya lau? Maganar nan wani likita ne a Ingila ya taso da ita a 1998, aka bincika aka gano ba gaskiya a ciki, a 2010 mujallar da ta buga ta janye, shi kuma aka hana shi aikin likita. Kina garin da alhazai ke shigowa daga ko'ina a duniya, ki bar jariri ba kariya, ga ta ƙyanda ma tana tafe. Ki kai shi gobe.

Amma ba allurar ce ta hana ni barci ba, jira nake tsoro, kada a sake yin irin na Abdul. Nasan zaki ce ai ni ce na ce a bar shi, namiji baya saurin magana, kawunki ma sai da ya kusa shekara uku. Eh na faɗa. Mu da muka taso babu wanda ya san wani tawahhud ko galahanga, shafar aljanu ake cewa ko baki, abinda na sani na ba ki kuma da shi na raine ku ku shida. Har yau ina ganin yaron nan a kan darduma yana jera finjalan gahawa ɗaya bayan ɗaya, in kira Abdul, Abdul, in tafa hannu, ko waiwaye babu har muka zaci kurma ne, amma a buɗe ledar alawa a kicin sai ga shi a guje. Shekara biyu muka ɓata, wallahi tana ci min rai.

Ranar da na raka ki wajen daktora ke kuka kike, ni ce na ji bayaninta. Tace ƙannen yaro mai wannan lalura, kusan 1 cikin 5 su ma suna samu, kuma ya fi yawa a maza. Kinga 4 cikin 5 lafiyarsu lau, ban ce Mus'ab yana da komai ba, Allah ya tsare. Ƙaninki kuma ya karanta min wani bincike na Amurka da ya fito a 2017, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan jarirai da na'urar MRI suna barci, waɗanda daga baya aka tabbatar suna da shi sai aka ga fatar saman ƙwaƙwalwarsu ta fi saurin faɗaɗa tsakanin wata 6 da wata 12, tun ido bai ga alamar komai ba. Ƙwaƙwalwar jariri ninkawa take yi a shekarar farko, Mus'ab kuma yau watansa bakwai. Ba cewa nayi ki je neman hoton nan ba, na bincike ne, ba gwajin da ake yi a mustashfa, wato asibiti, ba. Idonki nake so.

In kina ba shi nono yana kallon fuskarki? In kika yi masa murmushi yana mayarwa? Ki lura da gwarancinsa, ki riƙa kiran sunansa ta baya ki ga ko zai juyo, in ya shekara baya juyowa, baya ɗaga hannu ko nuna abu da yatsa, kada ki saurari kowa har ni, ki nemi likitan yara. A wata 18 da wata 24 akwai tambayoyin tantancewa da ake yi wa iyaye, ki ce a yi miki, ki faɗa musu yayansa yana da shi, kada kunya ta sa ki ɓoye. Jawwal ɗin nan, wato wayar hannu, da ake jingina masa a filo don ya yi shiru a ɗauke, ba shi ke kawo ciwon ba amma yana cinye lokacin da ya kamata ya kalli fuskar mutane. Ruƙya da zamzam ku ci gaba, nima ina yi masa addu'a a Harami.

Nasan kin gaji 'yata, Abdul kaɗai aikin mutum uku ne ga goyo ga baƙon gari. Ranar Alhamis insha Allahu zan hau jirgin ƙasa na Haramain in taho, surukarki ki bar min ita, ni zan mata magana cikin mutunci. Kafin nan ki ɗauko min bidiyon Mus'ab kina kiransa ta baya. Ki gaya wa maigidana Abdul zan taho masa da finjalansa, guda takwas ɗin suna nan cif.

Mamanki