Gishiri sau biyu a tukunya ɗaya

Assalamu alaikum Inna,

Da fatan kuna lafiya. Ya jikin Baba, ya hunturu? Nan Berlin kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu, da ka idar da la'asar sai magariba ta kawo kai.

Ki gafarce ni da shirun kwana biyu, wani aiki ne ya sha mini kai. An karɓi jawabina a taron FOSDEM da masu rubuta manhaja ke yi duk shekara a wata jami'a a Brussels, ƙasar Beljiyam, wajen farkon Fabrairu. Ba a biyan kuɗin shiga, kowa ya ga dama sai ya zo. Minti 25 aka ba ni, ni kuwa abin da na tara ya kai na awa biyu.

Kin sha tambayata wai me nake yi a gaban kwamfuta dare da rana. To, da girkinki zan buɗe jawabin, don haka ya kamata ki riga kowa ji. Kwamfutar yanzu ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba, ta hannuna takwas ce. Sai mu raba aiki gida-gida, kowane kaso mu kira shi zare, su yi ta gudana lokaci guda. Kin tuna miyar sunan nan da ta yi gishiri har aka kasa ci? Ke kika ɗanɗana kika ji bai ji ba, kika tafi ɗaukowa. Kafin ki dawo Goggo ma ta ɗanɗana, ta zuba nata, ke ma kika zo kika zuba. Babu wadda ta yi kuskure, amma miya ta lalace. Haka ake yi a kwamfuta in zare biyu suka taɓa abu ɗaya lokaci guda. Irin wannan matsala ce ta hana ni barci mako uku a wurin aiki. Sai a gwada sau dubu lafiya ƙalau, a na gaba lissafi ya rikice, in na tsaya zan kama ta kuma ta ɓace kamar aljana.

Maganin shi ne kwaɗo, irin na kulle ƙofa: wadda ke riƙe da ludayi ita kaɗai ke taɓa tukunya. Amma kwaɗon ma da tasa fitinar. Wata ta riƙe turmi, wata ta riƙe taɓarya, kowacce na jiran ɗayar ta saki, sai a kwana ba daka. Wani masani ɗan Holan, Dijkstra, tun 1965 ya ba ɗalibansa wannan matsala, har yau tana kayar da mu. A 1997 ma na'urar Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars ta riƙa kashe kanta tana tashi, saboda wani ƙaramin aiki ya riƙe kwaɗo, babban aiki na tsaye yana jira. Daga nan ƙasa injiniyoyi suka aika mata gyara.

A jawabin ina so in sa lissafin wani masani, Amdahl, na 1967, wanda ya nuna in kashi ɗaya cikin goma na aiki dole mutum ɗaya ya yi shi, ko masu girki dubu aka tara saurin ba zai wuce ninki goma ba. Abokin zamana ya ce in cire, lokaci ba zai isa ba. Ban yarda ba tukuna. Jiya na gwada a gabansa, na yi minti 38, kuma ya ce ina sauri kamar an biyo ni. Turmi da taɓarya kuwa sai da na nemo hoto, don bai taɓa ganinsu ba.

Ki sa ni a addu'a, gabana na faɗuwa in na tuna ɗakin zai cika. In Yaya ya samu mai tahowa, a saka mini kuka da daddawa, wadda na zo da ita saura ta miya biyu. A gaishe da Baba da Goggo, amma kar a gaya mata zancen gishirin.

Naki,
Auta